Kafin a fara maganar wa za a sayo, a fara faɗa mana wa zai tafi

Da zarar an hura usur ɗin wasan ƙarshe na kaka sai ka ga magoya bayan duk ƙungiyar da ta sha kashi kowa ya koma darakta, wannan ya jero sunayen 'yan wasa takwas da yake so a sayo, wancan ya ce a'a lamba tara kawai muke nema, wani kuma ya ce a kori kowa har mai yankan ciyawar fili. Ban ga laifinsu ba fa, wanda ya shafe wata tara yana kallo ana lallasa ƙungiyarsa dole ransa ya so ganin sabbin fuskoki. Amma ni a nawa ganin jerin sunayen nan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata shugabannin kulob su zauna a kansa. Aikin farko a hutun ƙarshen kaka shi ne sallama, a san su wa za su tafi kuma nawa za a yi asara wajen rabuwa da su, kuma yawancin ƙungiyoyin da ke komawa gidan jiya duk shekara a nan suke faɗuwa tun kafin a buɗe kasuwa.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne, gurbi ƙidayayye ne, kuɗi ma haka. A gasar Firimiya ta Ingila 'yan wasa 25 kawai ƙungiya za ta yi wa rajista ban da 'yan ƙasa da shekara 21, kuma cikin 25 ɗin nan waɗanda ba a can aka rene su ba ba za su wuce 17 ba. Ga kuma dokar kashe kuɗi, wadda a lokacin ta hana kulob yin asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku, ita ce ta sa aka zaftare wa Everton maki 8 jimilla, Nottingham Forest kuma maki 4 a kakar 2023/24. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ita ma ta ce abin da za a kashe kan albashi da sayen 'yan wasa da kuɗin eja kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga. To kaga duk wanda ke zaune a benci yana karɓar albashin babban ɗan wasa gurbin wani ya tare, kuma kuɗin da za a biya mutum biyu masu amfani shi kaɗai yake cinyewa.

Arsenal ce misalin da na fi so a wannan magana don ita kam ta sha ɗacin maganin a gaban kowa. Ta takwas ta ƙare a 2019/20, ta sake ƙarewa ta takwas a 2020/21, kuma kafin koci Arteta da darakta Edu su fara wani sayayya na kirki shara suka fara yi. Özil da ke karɓar fam 350,000 duk mako aka cire sunansa daga rajista a Oktoban 2020, Janairun 2021 aka warware kwantiraginsa ya tafi Fenerbahçe, haka Mustafi da Sokratis, daga baya Willian da Kolasinac, sai kuma Aubameyang wanda shi ne kyaftin kuma shi ke ci musu ƙwallo, aka karɓe kambun a Disambar 2021 aka bar shi ya tafi Barcelona kyauta. Kusan duk waɗannan ba a samu ko sisi a kansu ba, wasu ma sai da aka haɗa musu da kuɗin sallama. A bazarar 2021 suka ɗauko mutum shida, White da Ødegaard da Ramsdale da Tomiyasu da Lokonga da Tavares, babu wanda ya haura shekara 23 a cikinsu. Aka fara kaka suka sha kashi sau uku a jere ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba, Man City ta zuba musu 5, suna can ƙasan teburi ana ta kiran a kori Arteta. Ƙarshen kakar suka yi ta biyar, kaka ta gaba ta biyu da maki 84. Kuma a lura, cikin shidan nan Lokonga da Tavares ba su yi wani abin a zo a gani ba, wato ko sayayyar ba duka ta yi kyau ba, amma da yake matasa ne masu ƙaramin albashi kuskuren bai zame musu ƙarfen ƙafa ba.

To me ya sa sauran ba sa yin haka tunda kowa ya gani? Nan ne lissafin akanta ke shigowa, kuma magoya baya da yawa ba sa la'akari da shi in suna ihun "a sayar da shi mana". Kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi lokaci ɗaya a littafi, raba shi ake yi kan shekarun kwantiragi. A ce misali ka sayi mutum fam miliyan 80 kan shekara biyar, duk shekara miliyan 16 ke fita, bayan shekara biyu saura miliyan 48 a kansa, in ya gaza kuma babu mai tayawa sama da miliyan 30, ranar da ka sayar ka rubuta asarar miliyan 18 nan take. Shi ya sa za ka ga ana ta tura mutum aro yau nan gobe can, ana biyan rabin albashinsa yana yi wa wasu wasa, don kawai kada asarar ta fito fili. Wani lokacin ma ba lissafi ba ne, kunya ce, wanda ya sa hannu aka sayo shi yana nan kan kujerarsa kuma ba ya so a ce ya yi kuskure. Ɗaya ɓangaren abin haushin shi ne yaron da ya taso a akadami ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla a littafi, sai ka ga an riƙe wanda ba ya amfani an sayar da mai amfani. Man United ta sayar wa Napoli McTominay a 2024 kan kusan fam miliyan 25, a kakar farko ya ɗauki kofin Serie A aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar.

Wanda ya tsallake sallama ya zarce kasuwa kuwa, Chelsea ta nuna mana yadda abin ke ƙarewa. Todd Boehly da abokansa sun karɓi kulob ɗin a Mayun 2022, cikin kaka ɗaya suka kashe kusan fam miliyan 600, Enzo Fernández shi kaɗai sama da miliyan 106, Mudryk aka ba shi kwantiragin shekara takwas da rabi don a shimfiɗa kuɗin ya yi laushi a littafi, dabarar da ta sa UEFA ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023. 'Yan wasa suka haura 30, har Thiago Silva ya fito ya faɗa cewa sai da aka faɗaɗa ɗakin canza kaya don bai ɗauke su ba. Ka yi tunanin koci da zai fito atisaye da mutum talatin da wani abu, goma sha ɗaya zai saka ranar wasa, sauran duk suna fushi kuma kowa da ejansa da ke buga waya. An kori koci Tuchel, an kori wanda ya gaje shi Potter, aka ƙare ta 12 da maki 44 da ƙwallo 38 cikin wasa 38. Duk kuɗin nan kuma babu lamba tara tsayayye.

Na san me za a ce, ai Chelsea ɗin ta ɗauki kofin Conference da na kulob-kulob na duniya a 2025, Forest ma da ta kwaso mutum sama da 20 a bazarar 2022 ba ta koma 'yan dagaji ba. Haka ne, ban musa ba. Amma Forest tilas ce ta sa ta, ta hau Firimiya da 'yan aro da yawa waɗanda suka koma gidajensu, kuma duk da haka sai da ta biya da maki daga baya. Ita kuwa Chelsea sai da ta sayar wa kamfanin masu ita otal-otal ɗinta da ƙungiyarta ta mata kafin littafi ya daidaita, ta kuma sayar da 'ya'yan gida irin su Mount da Gallagher. Ƙungiya nawa ce a duniya ke da wannan hanyar? In aljihunka zai iya ɗaukar kuskure goma don ka dace da uku to bismilla, amma kulob ɗin da ke fama ya kwaikwayi wannan gyaran gangar auzinawa kawai zai yi.

Bayan an share gida sai tambayar me ke damun ƙungiyar takamaimai, ba wai "ba mu da kyau" ba. Tottenham ta sayar da Bale wa Real Madrid a 2013 kan kusan fam miliyan 85 ta watsa kuɗin kan mutum bakwai, Soldado, Lamela, Paulinho, Eriksen, Chadli, Capoue da Chiriches, babu wanda ya taɓa buga Firimiya a cikinsu, kafin ƙarshen Disamba Liverpool ta je har gida ta zura musu 5 an kori koci Villas-Boas. In ka cire Eriksen da wuya ka nuna wanda ya biya kuɗinsa. Liverpool kuwa da ta sayar da Coutinho a Janairun 2018 ta san ciwonta ba a gaba yake ba, tana da Salah da Mané da Firmino, baya ne ke yoyo. Mutum biyu ta zuba wa manyan kuɗi, Van Dijk fam miliyan 75 da gola Alisson kusan miliyan 67. Abin da ya fi burge ni ma shi ne a bazarar 2017 cinikin Van Dijk ya watse har sai da suka ba Southampton haƙuri a fili, amma ba su ruga sun ɗauko wani ɗan bayan don rufe bakin magoya baya ba, suka jira shi har Janairu. Ƙwallayen da aka zura musu a lig suka sauko daga 38 zuwa 22, kofin Zakarun Turai ya zo a 2019, Firimiya a 2020 bayan shekara 30. Barcelona da ta karɓi Coutinhon ba sai na daɗe a kai ba, yuro miliyan 222 da ta samu a cinikin Neymar ya bi ruwa, kuma shi Coutinhon a aro yana Bayern ya zura musu biyu a wasan da Bayern ta ci su 8-2.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa in ba a san wa ke yanke hukunci ba, kuma a nan ra'ayina ba zai yi wa wasu daɗi ba: bai kamata koci ya zama shi ke da wuƙa da nama a sayen 'yan wasa ba. A ji ta bakinsa, kada a kawo masa wanda ba ya so, amma shi koci yau yana nan gobe babu shi, kwantiragin ɗan wasa kuwa shekara biyar ne. Dubi Man United, aka bar koci Ten Hag yana ta tattaro yaransa na tsohuwar ƙungiyarsa Ajax, Antony sama da fam miliyan 80, Martínez, Onana, De Ligt, Mazraoui. A Yulin 2024 aka tsawaita masa kwantiragi aka sake kashe kusan miliyan 200, a Oktoba aka kore shi, aka ɗauko Amorim mai wasa da 'yan baya uku da 'yan gefe masu hawa da sauka, salon da ba a sayi kowa dominsa ba. Ƙarshenta ta 15 da maki 42. Wannan ba laifin ƙafar wani ɗan wasa ba ne, hukuncin da ya kamata a yanke a watan Yuni ne aka ɗaga shi zuwa Oktoba bayan an rufe kasuwa. In ba ka yarda da kocinka ba ka sallame shi kafin ka buɗe jaka, in ka yarda da shi to ka daure masa.

Brighton da Brentford kam ba ruwansu da wannan rikicin, salon wasan na kulob ne, masu farauto 'yan wasa da masu nazarin alƙaluma na kulob ne, koci in ya tafi a nemo mai irin tunanin. Caicedo da Brighton ta ɗauko daga Ekwado a 2021 kan abin da bai kai fam miliyan 5 ba shi ta sayar wa Chelsea miliyan 115 bayan shekara biyu da rabi.

Napoli ta nuna fuskokin abin guda biyu a jere. A bazarar 2022 ta rabu da Insigne da Mertens da Koulibaly da Fabián Ruiz da Ospina, wato kyaftin da wanda ya fi kowa ci mata ƙwallo a tarihi da ginshiƙin bayanta duk lokaci guda, magoya baya suka yi ta zagin shugaban kulob De Laurentiis. Daraktan wasanni Giuntoli ya riga ya san wa zai maye gurbin wa, ya ɗauko Kvaratskhelia daga Dinamo Batumi ta Jojiya da Kim Min-jae daga Fenerbahçe, kuɗin su biyun a haɗe bai kai abin da Chelsea ta biya kan Koulibaly shi kaɗai ba, albashi ya sauko, koci Spalletti ya haɗa su da Osimhen wanda ya ci ƙwallo 26, kofin Serie A da rabon su da shi tun 1990 zamanin Maradona ya dawo. Bazarar da ta biyo baya Spalletti ya tafi, Giuntoli ya koma Juventus, Bayern ta biya kuɗin da ke cikin kwantiragin Kim ta ɗauke shi, shugaban kulob ya ce shi zai riƙe ragamar da kansa. Sai cikin Agusta aka kawo Natan daga Brazil ya tsaya a gurbin Kim, yaron da bai taɓa buga wasa a Turai ba. Kusan duk sauran 'yan wasan da suka ci kofi suna nan, amma koci uku aka yi a kakar, Garcia da Mazzarri da Calzona, kuma masu riƙe da kofi suka ƙare ta 10.