Ilimin mata a ƙasashen Musulmi: hujja ta daɗe da tabbata, malama da makaranta ne suka yi ƙaranci

Duk inda aka tayar da zancen ilimin mata a taron Musulmi, mai sauraro zai iya lissafa sunayen da za a kira tun kafin mai jawabi ya buɗe baki. Za a ambaci Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wadda aka ruwaito hadisai sama da 2,200 daga gare ta, a ambaci Fatima al-Fihri da masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, a rufe da Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗan Fodiyo, sannan a yi kabbara a watse. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaga su tamkar shaidar cewa aiki ya kammala, alhali idan aka bi tarihin da kyau, abin da yake nunawa ya fi abin da muke faɗa girma, ya kuma fi shi ɗaci.

Ta fuskar nassi, maganar ba ta da tsawo. Bukhari ya ruwaito cewa mata sun koka wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa maza sun rinjaye su a wurinsa, suka nemi ya ware musu rana, ya kuma ware musu. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Abu Dawud ya kawo labarin Shifa'u 'yar Abdullahi, wadda ta koya wa Nana Hafsa rubutu. Bayan zamanin sahabbai ma hanyar ba ta yanke ba. Ummud Darda'i ƙarama ta karantar a Dimashƙu da Ƙudus, har halifa Abdulmalik ɗan Marwan yana zama a majalisinta. Karimatu al-Marwaziyya, wadda ta rasu a Makka a shekara ta 463 bayan Hijira, ruwayarta ta Sahihul Bukhari tana cikin waɗanda malamai suka fi dogaro da su, kuma Khaɗib al-Bagdadi da kansa ya karanta littafin a gabanta. A zamaninmu malamin nan Muhammad Akram Nadwi ya shiga binciken mata masu ruwayar hadisi da tsammanin zai sami 'yan kaɗan, sai aikin ya kai mujalladi 43 da sunaye kusan dubu goma.

Sai dai wajibi ne a tambayi su wane ne waɗannan mata. Mafi yawansu 'ya'yan gidajen malamai ne, waɗanda uba ko kawu ko miji ya zaunar da su a majalisin karatu tun suna ƙanana, aka rubuta sunayensu cikin masu sauraro, suka girma da isnadi mai daraja. 'Yar manomi da 'yar makiyayi ba su cikin wannan lissafi, kamar yadda yawancin 'yan'uwansu maza ma ba su ciki. Ko Fatima al-Fihri abin da tarihi ya jingina mata shi ne gina masallaci da dukiyar gadonta a shekarar 859, wanda daga baya ya zama cibiyar karatu, kuma labarin ya iso mana ne ta hannun Ibn Abi Zar'i, wanda ya rubuta shi bayan fiye da shekara 400. Wannan bai rage mata daraja ba, amma yana nuna cewa dubu goma a cikin ƙarni goma sha huɗu hujja ce ta halacci, ba ta isa hujjar yalwa ba. Ilimin da ya game kowace yarinya sabon abu ne a duniya baki ɗaya, har da Turai, kuma tambayar da ta fi amfani ita ce yadda aka yi ya yaɗu a inda ya yaɗu.

A nan ne nake ganin Nana Asma'u ta bambanta da sauran sunayen, kuma a nan ne masu ambatonta suka fi yi mata gajeren adalci. Mahaifinta ya riga ya kafa hujja a littafinsa Nurul Albab, inda ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Abin da ita ta ƙara shi ne tsari. Ta lura cewa matar aure mai goyo a ƙauye ba za ta iya barin gida ta zo neman karatu ba, don haka ta naɗa jajis, dattawan mata amintattu, ta ba su malfa a matsayin alamar izini, suka riƙa zuwa da 'yammata da tsofaffi su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu sauƙin hadda, su koma su isar da shi ga waɗanda ke gida. Wannan tsari, wanda ake kira 'Yan Taru, ya ci gaba bayan rasuwarta a 1864. Ta amsa tambayoyin da har yau su ne ainihin matsala: wa zai karantar, a ina, da wane harshe, kuma wa iyaye da maza za su amince wa.

Idan aka duba yadda makarantar zamani ta shigo, za a ga waɗannan tambayoyi suna dawowa a kowace ƙasa. A Masar, gwamnatin Muhammad Ali ta buɗe makarantar horar da ungozoma a 1832, amma iyaye suka ƙi ba da 'ya'yansu, har sai da aka sayo bayi mata 'yan Habasha da Sudan aka fara da su. Makarantar da hukuma ta kawo daga sama, ƙarƙashin likita Bafaranshe, ba ta sami amincewa ba sai a hankali. Bayan da Ingila ta mamaye ƙasar a 1882 lamarin ya ƙara cakuɗewa, domin Lord Cromer, wakilin Ingila da ke juya akalar mulkin Masar a lokacin, wanda ya yi ta sukar Musulunci a kan halin da mata ke ciki, shi ne kuma ya taƙaita kashe kuɗi a kan ilimi ya ɗora wa iyaye kuɗin makaranta, sannan da ya koma gida ya shugabanci ƙungiyar masu adawa da ba matan Ingila damar jefa ƙuri'a. Irin wannan fuska biyu ta bar tabo mai zurfi, ta sa mutane da yawa suka ɗauki makarantar 'yammata a matsayin ƙofar da baƙo ke son shigowa gida ta cikinta. Har yau masu adawa suna cin gajiyar wannan zato.

Waɗanda suka karya zaton kuwa 'yan gida ne. A Sudan, Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, ya buɗe makarantar 'yammata a garin Rufa'a a 1907 da kuɗin aljihunsa, ya fara da 'ya'yan cikinsa da na maƙwabta, kuma daga wannan tushe ne Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman ta tsiro. Babu wanda zai ce wa tsohon mayaƙin Mahadi yaron Turawa, kuma mutumin da ya fara da 'ya'yansa ya rufe bakin mai cewa yana gwaji da na wasu. A Indiya, Rokeya Sakhawat Hossain ta buɗe tata makarantar a 1909, ta mayar da ita Kalkata a 1911, tana bi gida-gida tana lallashin iyaye, har ta tanadi abin hawa mai labule don ɗauko ɗalibai ba tare da an keta kulle ba. A tsibirin Sumatra na Indunisiya, Rahmah El Yunusiyah ta kafa makarantar Diniyah Putri a Padang Panjang a 1923, inda ake haɗa karatun addini da na zamani. Shugaban Jami'ar Azhar ta Masar ya ziyarci makarantar a 1955, kuma bayan 'yan shekaru Azhar ta buɗe kwalejinta ta mata. Abin lura ne cewa jami'ar da ta shekara kusan dubu ta ɗauki darasi daga wata malama a wani ƙaramin gari mai nisa.

Misalin Saudiyya ya fi kowanne bayyana yadda amincewa ke aiki. Da gwamnati ta fara buɗe makarantun 'yammata a 1960, adawa ta yi tsanani har sai da aka tura jami'an tsaro su gadi makaranta a garin Buraida. Hukuma ta ɗauki matakai biyu: ta ce ba za a tilasta wa kowa ba amma ba za a rufe makaranta ba, sannan ta ɗora kula da ilimin mata a hannun wata hukuma ta daban ƙarƙashin malaman addini. Ba a daɗe ba garuruwan da suka ƙi suka dawo suna roƙon a buɗe musu, kuma a yau mata sun fi maza yawa cikin masu kammala jami'a a ƙasar. Wannan tsari yana da nasa farashi, domin manhajar ta daɗe a ƙuntace, kuma ba a mayar da makarantun ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ba sai a 2002, bayan gobarar da ta kashe ɗalibai 15 a wata makaranta a Makka. A Iran ma an ga wani abu mai kama da haka wanda ya ba masu nazari mamaki: bayan juyin juya halin 1979, iyalai masu riƙo da al'ada a karkara, waɗanda a da suke ƙyamar makarantar gwamnati, sun saki 'ya'yansu da suka ga makarantun sun zama na mata zalla da malamai mata, har mata suka haura rabin masu shiga jami'a. Maryam Mirzakhani, mace ta farko da ta ci lambar yabo ta Fields a fannin lissafi a 2014, a Tehran ta yi sakandare da digirinta na farko. Ba ina wanke gwamnatocin nan daga takurawar da suka yi wa mata ta wasu fuskoki ba ne. Ina nuna cewa uban da ake kira mai ƙin ilimi sau da yawa mai tsoron hanya ne da malami namiji da abin da maƙwabta za su ce, kuma idan aka kawar masa da waɗannan yakan sauya ra'ayi da wuri.

Sauran abin da ya rage shi ne talauci, kuma Bangladesh ta nuna cewa shi ma yana da magani. A 1994 ƙasar ta faɗaɗa shirin biya wa 'yammatan karkara kuɗin sakandare tare da ba su ɗan tallafi a hannu, bisa sharaɗin halartar aji, da samun maki gwargwado, da rashin yin aure kafin kammalawa. Cikin 'yan shekaru 'yammata suka kamo samari a sakandare, daga baya suka wuce su. Ƙasa ce matalauciya mai cunkoson jama'a, kuma ba ta jira ta yi arziki ba kafin ta yi wannan. Idan aka ajiye ta kusa da Pakistan, wadda suka kasance ƙasa ɗaya har 1971 kuma addininsu ɗaya, amma har yanzu miliyoyin 'yammatanta ba sa zuwa makaranta, za a gane cewa bambancin yana wurin abin da gwamnati ta zaɓi ta kashe kuɗi a kai. Haka nan a ƙasashen Sahel da arewacin Najeriya, inda adadin matan da suka iya karatu da rubutu yake cikin mafi ƙanƙanta a duniyar Musulmi, wa'azi kaɗai ba zai mayar da yarinya aji ba matuƙar makaranta tana da nisa, babu malama, babu makewayi, kuma iyaye suna tuna abin da ya faru a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018.

Za a iya cewa wannan ra'ayi nawa yana lallaɓa masu tsattsauran ra'ayi, yana ba su makarantar mata zalla da malamai mata a maimakon ya ƙalubalanci tunaninsu. Akwai gaskiya a ciki, domin sassauci irin wannan yakan haifar da manhaja mai rauni, kuma ƙasashe da dama sun yaye mata masu digiri da ba su sami inda za su yi aiki da shi ba. Amma macen da ta yi karatu a ƙuntataccen tsari ita ce ke zama malamar da ake nema, ita ce kuma uwar da ba za ta yarda a cire 'yarta daga aji ba, kuma 'ya'yan waɗanda aka ɗauko a mota mai labule su ne suka zama likitoci da alƙalai.

Inda wannan lissafi ya tsaya cik shi ne Afghanistan, domin a can hukuma ce da kanta ta toshe hanya. Tun bayan dawowar Taliban a 2021 aka hana 'yammata wuce aji shida, a Disambar 2022 aka rufe musu jami'a, kuma hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa aƙalla 'yammata miliyan 1.4 aka hana karatun sakandare. Shehun Azhar da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi sun fito fili sun ce matakin ya saɓa wa shari'a, kuma babu wata ƙasar Musulmi da ta bi sahu. Makarantun sakandaren da aka rufe na mata zalla ne tun asali, saboda haka uzurin cakuɗuwa bai taso ba. A Disambar 2024 aka ƙara da rufe cibiyoyin horar da ungozoma da ma'aikatan jinya mata, a ƙasar da take cikin waɗanda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa, kuma a yankuna da dama nata ba a yarda likita namiji ya duba mace ba sai da muharrami. Ungozomomin da ke aiki yanzu za su tsufa su ajiye aiki, kuma yarinyar da aka tsayar a aji shida a 2021 ita ce ya kamata a ce yau tana shirin karɓar aikin daga hannunsu.