Daga haihuwa zuwa Gen Z: tafiyar kalmar generation

Tun bayan zanga-zangar da matasan Kenya suka yi a 2024 kan dokar haraji, sunan Gen Z, laƙabin matasan da aka haifa daga ƙarshen shekarun 1990, ya zauna a bakin 'yan jaridarmu, har ana liƙa shi ga matasan Kano da Maradi. Wannan Gen ɗin guntu ne na kalmar Ingilishi generation, kuma tarihinta ya isa ya sa mu yi hattara da aron.

Asalinta daga Latin ne, daga generare, wato haifa, kuma ta shiga Ingilishi ta hanyar tsohon Faransanci wajen shekarar 1300. A lokacin ma'anarta haihuwa ce da zuriya: kaka ya haifi uba, uba ya haifi ɗa, kowane mataki a ƙirga shi ɗaya. Auna matakan da shekaru ma tsohuwar al'ada ce, domin Herodotus, masanin tarihin Girka, ya lissafa matakai uku a shekara ɗari. Daga wannan tushe ne janaretan da ke ƙara a bayan shagunanmu ya sami sunansa, haka ma harafin G na 4G da 5G.

Ma'anar tsara, wato mutanen da suka tashi tare, daga baya ta yi ƙarfi. A 1928 masanin zamantakewa Karl Mannheim ya nuna cewa shekarar haihuwa kaɗai ba ta yin tsara, sai mutane sun sha ɗaci da zaƙin al'amura iri ɗaya a ƙuruciyarsu. A nan ne damuwata take, domin da tarihin Amurka aka shata iyakokin da muke arowa. Sunan Baby Boomers, na waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964, ya samo asali ne daga yawan haihuwar da aka yi a can bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cibiyar bincike ta Pew kuma ta fara ƙirga Gen Z daga 1997, ita kanta kuwa ta sanar a 2023 cewa za ta rage dogaro da waɗannan laƙabobi.

Yaron da aka haifa a Maiduguri a 1999 yana ɗan shekara goma rikicin Boko Haram ya ɓarke, ya girma cikin dokar hana fita da shingayen bincike, don haka rashin adalci ne a haɗa shi tsara ɗaya da sa'ansa na Kalifoniya saboda kawai dukansu suna riƙe da waya. Da za mu shata namu iyakokin, da mun fara daga 'yan makarantar UPE ta 1976, shirin Najeriya na ba kowa ilimin firamare kyauta, da waɗanda suka yi wayo cikin tsadar SAP ta 1986, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, da waɗanda suka buɗe ido bayan zuwan wayar salula a 2001.