Ajin share fage a ƙauye: ribarsa da inda ake ɓata shi

A firamaren ƙauye, ajin farko ne ke shan wahala. Yaro ya shekara shida bai taɓa riƙe fensir ba, ga ƙanensa ɗan shekara huɗu an haɗo su don uwa ta samu ta yi surfe. Zangon farko kan ƙare malam na fama da koya musu zama wuri guda. Maganin wannan shi ne ajin share fage na shekara ɗaya ko biyu, kuma dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya a Najeriya.

Ribar ba ta yaron kaɗai ba ce. Binciken da Bankin Duniya ya fitar a 2012 kan ƙauyukan lardin Gaza na Mozambik ya nuna yaran da suka yi wannan aji sun fi shiga firamare, har yayyensu ma sun ƙara zuwa makaranta. Mu da muka san yarinya 'yar shekara tara da goyo a baya ba ma buƙatar dogon bayani: idan ƙanin yana aji, ita ma ta tafi nata.

Kayan aikin ba su da tsada. Rumfa mai inuwa, tabarmi, randar ruwa mai murfi, buta da sabulu, da masai mai ƙaramin baki don kada yaro ya zurma. Malama ɗaya kada ta wuce yara 25, a haɗa ta da dattijuwa mai taimako. Awa uku ya isa, daga takwas zuwa sha ɗaya. Ƙirga da ƙwallon dabino da marafan kwalba, zane a kan yashi, ginin yumɓu, tatsuniya da kacici-kacici, duk da harshen da yaro ke ji a gida. Da misalin ƙarfe goma a ba su kunu, domin yaron da ya fito bai karya ba ba ya jin komai.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake mayar da ajin ƙaramar firamare. A tura malamin da aka rasa inda za a kai shi, ya tsaya da bulala, yara na rera ABCD ba su gane ko harafi ɗaya ba. Yaro ya haddace ɗaya zuwa ɗari da Turanci, a ce ya miƙo tsakuwa biyar ya kasa. Gara malama 'yar garin mai haƙuri, a tura ta horo.

Sai alawus. In an bar shi ga karo-karon iyaye, damina na faɗuwa ajin ya watse. Kwamitin makaranta da mai gari su tara hatsi tun kaka, su kuma matsa wa sakataren ilimi ya sa malamar a albashi.