Kwamfutar da ke aiki ba ta cancanci bola ba

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, shawara ɗaya ake ta nanata wa jama'a a Abuja, wai kowa ya sayi sabuwar kwamfuta. Mai faɗin haka bai leƙa Banex, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Abuja, ya taya kaya ba tun da darajar naira ta zube. Da yawa daga kwamfutocin ɗalibai da na shagunan buga takardu na gwanjo ne, suna aiki lafiya lau, laifinsu kawai shi ne ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman na'urar tsaro ta TPM 2.0.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mafitar da wasu masu gyara suka zaɓa. Da ka miƙa musu kwamfuta sai su zaro filashi daga aljihu, su kashe manhajar kariya, su ɗora maka Windows na sata tare da abin fasa lasisi wanda su kansu ba su san me aka cusa a cikinsa ba. A kan wannan na'ura kuma mutum zai buɗe asusunsa na banki. Alhali filashin nan zai ɗauki Linux Mint ko Ubuntu, wato nau'o'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, waɗanda kowa ke da damar kwafa da rabawa ba tare da ya saci haƙƙin wani ba, ana aiko musu da gyaran tsaro a kai a kai, ga LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel.

Masu cewa Linux sai ƙwararru su dubi wayar da ke hannunsu, domin a kan Linux aka gina Android. Masu zane da CorelDRAW su riƙe Windows ɗinsu, amma sakataren da aikinsa wasiƙa da jadawali ba shi da wannan uzuri.

A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, kuma ba talauci ya sa ta ba, so take ikon bayananta ya kasance a hannunta. Mu da kuɗin lasisi ke bin farashin dala, me muke jira? Ya kamata NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ta fara da horar da masu gyaran Banex, tunda abin da suka ɗora wa mutum shi yake tafiya da shi gida.