Bayan sallama daga Kware, ina uwa za ta nufa da 'ya'yanta?

Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Amma a wuraren jinya da ƙyar ake samun mace ɗaya cikin ashirin. Uwar da ta amsa cewa tana shan kodin ko tiramol tana tsoron dangin miji su ɗauke yara, tunda amana na cikin sharuɗɗan riƙon 'ya'ya a shari'a. Sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Wadda ta daure ta je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, cikin mako ɗaya zuwa biyu ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da daina shan ke kawowa za su lafa. Bayan sallama kuma fa? Lungun da ta bari, da mai kemis ɗin da ya saba miƙo mata kwalba. Nan ne ake rasa rai idan ta koma sha, domin jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba, numfashi na iya tsayawa.

Abin da Sakkwato ke buƙata shi ne gidan murmurewa a ƙauye, inda uwa za ta zauna da yaranta wata uku zuwa shida. Ba gidan mari ba. Sarƙoƙin da aka gani a ƙafafun yara a Rigasa ta Kaduna a 2019 sun isa darasi.

Kada gidan ya wuce iyali takwas zuwa goma, kowace da ɗakinta, ga rijiyar burtsatse da makaranta kusa. Tafiya zuwa Kware kada ta kai awa ɗaya, kuma ba a karɓar kowa sai likita ya gani. Mai shan diazepam, ƙwayar sa barci, idan ta daina lokaci guda tana iya faɗuwa da jijjiga, a hankali ake rage mata. Mai ciki ma ba a yanke mata kodin kwatsam, saboda abin da ke cikinta. A kulle magunguna a akwati, a ajiye naloxone, maganin da ke dawo da numfashi, ma'aikaciyar dare ta iya amfani da shi.

Kada a ɗauka ƙauye tsarkakakke ne. Masu tallar magani a kan babur suna kai wa 'yan ƙwadago tiramol har bakin fadamar albasa. Sai mai gari da liman sun tsaya kan wannan kafin a sa tubalin farko.

Wata za ta koma sha, wannan tabbas ne. Idan gwajin fitsari ya nuna, kora ba magani ba ce. A mayar da ita asibiti, kaka ko inna da aka rubuta sunanta tun ranar shiga ta riƙe yaran. Yarinya 'yar shekara tara da ta saba hura wuta da goyon ƙane saboda uwa na barci, a sauke mata wannan nauyi ta koma aji. Iyaye maza masu shan ƙwaya su samu nasu gidan daban.

Fili kuwa, Hukumar Zakka da Wakafi ta jihar na iya neman gona daga masu hali. Kiwon jajayen awaki da noman rani za su rage kuɗin cefane, amma albashin nas da mai ba da shawara sai ya shiga kasafin Ma'aikatar Lafiya.