Gawar mutane ba kayan haɗa zane ba ce

Jiya na leƙa wani baje kolin zane na matasa, wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Wani yaro, hannunsa da kyau ma sha Allah, ya haɗa katako da tsumma da waya da jan fenti, sai kuma ya ɗauko hoton gawar wani bawan Allah da mota ta buge, irin waɗanda ake yaɗawa a Facebook ɗin nan, ya manna a tsakiya wai yana so aikin ya ba da tsoro. Na ce ƙanena ka san mamacin? Ya ce a'a. Ka nemi izinin iyalansa? Sai ya yi murmushi.

Haba jama'a! Mutuwa fa rigar kowa ce. Mutumin nan yana da uwa, wataƙila yana da 'ya'ya da za su ci karo da hoton a waya. Manzon Allah (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, mu kuma mun mai da gawa abin ado. Yau hoton hatsari, gobe na waɗanda 'yan bindiga suka kashe, jibi na jaririn da aka tsinta a kwata, duk dan a ce kai gwani ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ruwa ake shafa wa naka.

Ni ma ina irin aikin nan. Bara na samu tsohon ƙyauren langa-langa, na rina rigar yaro da shuni na rataya a jiki, na kwaɓa toka da gawayi da gam na shafe, na ajiye takalmi ƙafa ɗaya a ƙasa. Wata 3 ina fama, sau biyu ina kankare tokar saboda zubewa take in ta bushe. Babu jini, babu fuska, amma da daddare ni kaina ba na son shiga ɗakin, duk wanda ya kalla sai ya tambaya ina yaron yake. A nan na gane abin da ka ɓoye shi ya fi tayar da tsigar jiki. Amma wa zai jira wata 3, kowa sauri yake ya ɗora a TikTok, wasu ma kwafa kawai suke daga intanet su sa sunansu ko kunya babu.

Manyan masu wannan fasaha ba da gawa suka yi suna ba. El Anatsui ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafen kwalabe da wayar tagulla duniya ta san shi. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, al'adun gida suka tona. Da can ko makara aka wuce da ita mutane tashi suke su yi shiru, yara ma ba a barinsu su leƙa. Dan Allah ku ji tsoron Allah ku gyara. Har na fito daga wurin hoton nan yana manne, wasu 'yan mata biyu na tsaye a gabansa suna ɗaukar selfi.