Tambaya ɗaya na yi a asibitin mazaɓarmu, aka ce in ɗauki uwata in fita

Wallahi har yanzu raina tafasa yake. Ranar Talata da hantsi na goya Inna a mashin, zazzaɓi ya kwana yana gasa ta, muka nufi asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu a nan ƙasar Gumel. Duk ɗan ƙauye ya san irin ginin: fenti a waje tun na lokacin zaɓe, ciki kuwa silin ya rufto, jemagu sun tare. Shekara da shekaru muna haɗiye wannan. Na ranar Talata ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Sai da rana ta take sannan wanda muke kira Likita ya iso. Kowa ya san ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, kuma ban raina aikin ba, don akwai irinsa masu tsoron Allah da suka ceci rayuka a karkara. Ya zauna, waya a kunne. Da layi ya zo kanmu ko ɗaga kai bai yi ba. "Me ke damunta?" Na ce zazzaɓi da ciwon kai, kuma tana da hawan jini. Kafin in rufe baki ya rubuta allurai da ƙarin ruwa. Bai taɓa goshinta ba. Abin awon jini na rataye a ƙusa, bai sauko da shi ba. Gwajin maleriya na yatsa, wanda ba ya wuce minti 20, bai ma kawo zancensa ba.

Sai ya miƙa hannu cikin wani faranti ya ɗauko sirinji. Ba a cikin leda yake ba, idona a kai. Gefensa auduga ce mai jini. Kwalin da ake jefa allurar da aka gama da ita ya cika har yana zuba ƙasa. Hannunsa ba safa, kuma yanzun nan ya gama wanke wa wani yaro gyambo.

Na russuna na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah sirinjin nan sabo ne? Ban ga an ɓare shi ba."

Ya ajiye waya a hankali. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne likitan ko ni?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Tambaya kawai na yi, ka ga tsohuwa ce, kuma jininta..."

"Wace makarantar ka yi?"

Matan da ke kan benci suka yi tsit. Ban ce komai ba.

"Ka ga malam, ba ni da lokacin masu iyayi. In ka iya aikin, ɗauki tsohuwarka ka je gida ka yi mata." Sannan ya juya wajen Inna, matar da ta yi jika da shi, ya ce, "Ke tsohuwa, za ki miƙo hannu ko in kira na baya?"

Inna, da zazzaɓinta da komai, ta riƙe mini bakin riga ta ce masa, "Yi haƙuri ɗan nan, yaro ne, bai sani ba." Ita ke ba shi haƙuri! Wannan ya fi zagin ƙona ni. Na ɗauke ta, kuɗin akuyar da na sayar a kasuwar Maigatari ranar Alhamis suka tafi a mota zuwa babban asibiti. Can da aka auna ta, jininta ya hau sosai, ma'aikaciyar ta ce irin wannan ba a ɗura masa ruwa da ka.

To wanda ba shi da akuya fa? Shi kam miƙa hannu zai yi. Kuma allurar da ta shiga jikin wani ba abin wasa ba ce, ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke bi su shiga gidan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yara nawa muka gani allura ta zame musu ƙurji a ɗuwawu, wasu har ƙafa ta shanye saboda an soka a jijiya? Sau nawa aka ce magani ya ƙare, a tura ka kemis ɗin tsallaken titi, ka karɓo kwalbar da wa'adinta ya wuce? Matanmu na haihuwa da fitilar waya. Firjin rigakafi ya mutu, a yankin da mashaƙo ya yi ɓarna a 2023, musamman maƙwabciyarmu Kano.

Kada wani ya ce mini babu doka. Doka tuli. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, ta kuma ce duk asibiti sai ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida. A 2018 aka ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci, wadda ta ce marar lafiya na da haƙƙin a yi masa bayani, a kuma mutunta shi. Jigawa na da mazaɓu 287, an ce kowace za ta samu asibiti mai aiki. Ina masu duba aikin? In sun zo, a ofis za a baje musu rajista, su sa hannu, su koma mota. Wa ya taɓa buɗe farantin nan ya ga abin da ke ciki?

Yaya ma za a yi manyanmu su damu? Su ciwon kai kaɗan sai Landan, sai Masar, sai Indiya. A 2017 uwargidan shugaban ƙasa da bakinta ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu. In can ma haka ne, wa zai tuna da mu? An bar mutum ɗaya da ƙauyuka da yawa, ba ruwa, ba wuta, ba kayan aiki, ba mai tsawata masa, shi kuma ya huce a kan talaka.

Mu ma muna da namu. Mun ɗauka in ba a yi allura ba, ba a yi magani ba, har mu ke roƙon a saka mana ruwa. Wanda ya yi tambaya kuma a ce ba shi da kunya. A yi kuskure rai ya salwanta, mu ce kwana ne ya ƙare, a tashi taro. Na yi imani da ƙaddara, amma Musulunci bai ce a bar mai sakaci ya ci gaba da sakacinsa ba. An ce akwai kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido a asibitin, su wane ne, ina suke zama? Ranar Juma'a bayan an sallame zan tare dagaci da kansila a ƙofar masallaci, gaban jama'a, su taka da ƙafarsu mu je tare su ga ɗakin haihuwar da matansu ba sa shiga.